WiiM Pro Plus ko Bluesound Node Nano: wanne ya dace da tsohuwar amfilifaya a Aboabo, Kumasi?

Malam, ga yadda muka fahimci tambayarka. Kana da tsohuwar amfilifaya ta gwanjo da lasifika biyu a falo, ka gaji da ƙaramar na'urar Bluetooth da ke katse maka karatu duk lokacin da kira ya shigo, kana son sitrima, akwatin da zai riƙa jawo sauti daga intanet da kansa yana miƙa wa amfilifaya. Wayarka Tecno ce, ta Hajiya iPhone, intanet ɗin gidan kuma rautar 4G ce. Ƙaninka zai taho daga Amurka, ya ce ka zaɓi ɗaya tsakanin WiiM Pro Plus da Bluesound Node Nano.

A halin gidanka, ka ce masa WiiM. Ba don ta fi daɗin sauti ba. Wayoyin gidan ne suka yanke hukuncin.

Kowace manhaja da hanyar da take bi ta kai sauti ga sitrima. Spotify, wadda ta fara aiki a Ghana a watan Fabrairun 2021, tana da nata tsarin mai suna Spotify Connect, kuma akwatunan biyu duk suna karɓarsa. Ka zaɓi waƙa a waya, akwatin ya ci gaba da jawo ta da kansa, kai kuma ka amsa kira ko ka tafi masallaci da wayarka, sauti bai tsaya ba. In Spotify kaɗai kake ji, to a nan kunnen doki suka yi. Amma mutanenmu da yawa Audiomack da Boomplay da YouTube suke buɗewa, a nan kuma hanya ta rabu. Hajiya ba ta da matsala, domin iPhone na tura sautin kowace manhaja ta AirPlay 2, hanyar Apple ta tura sauti ta Wi-Fi, kuma WiiM Pro Plus da Node Nano duk suna da shi. Kai mai Android, hanyarka ita ce Chromecast, tsarin Google na tura sauti ta Wi-Fi. WiiM Pro Plus tana da shi, Bluesound ba ta da shi. In ka sayi Nano, duk manhajar da ba ta cikin tsarinsu na BluOS, wato manhajar da ke tafiyar da na'urorin Bluesound, dole ka koma Bluetooth ɗin da ka guje wa, bayan ka biya kuɗi mai yawa. Kafin ka aika wa ƙaninka saƙo, buɗe manhajojin da kake amfani da su a gidan wani mai lasifika ko na'urar sauti mai Chromecast, ka duba ko alamar turawa tana fitowa a kusurwa kuma sautin yana isa. 

Wani gargaɗi tun da ƙaninka zai shiga shago: kada a ruɗe shi da WiiM Ultra don ta fi girma kuma tana da allo. Ba ta da AirPlay, ke nan Hajiya ce za ta rasa hanya.

Ta fuskar sauti, WiiM Pro Plus na ɗauke da DAC na kamfanin AKM, samfurin AK4493SEQ, Nano kuma na ESS, samfurin ES9039Q2M. DAC shi ne ɓangaren da ke mayar da lambobi su zama sautin da amfilifaya ke iya ƙarfafawa. Dukansu suna kai wa 24-bit/192kHz, wato matakin ingancin sauti da ya wuce na CD, kuma a kan amfilifaya da lasifika irin naka, ɗakin da inda ka ajiye lasifikan sun fi tasiri a kunnenka nesa ba kusa ba. Falo mai tayil da bangon bulo yana amsa kuwwa, in kuma lasifika ta manne a lungu sai bas ya yi ta gurnani. WiiM tana da madaidaicin sauti mai layi 10 da kuma gyaran sauti daidai da ɗaki, da ake aunawa da makirfon na waya, wannan ya fi maka amfani bisa bambancin DAC. Kuma kada lambar 192 ta ɗauke hankalinka: Qobuz, manhajar waƙoƙin da aka fi sani da irin wannan sauti, ba ta buɗe rajista a Ghana.

Ka yi lissafin data ma. Spotify a matakinta na 320kbps tana cin kusan 144MB a awa. Awa biyu kullum, wajen 8.6GB ke nan a wata. Ingancin CD a matsayin FLAC, nau'in fayil ɗin da ba ya rage ingancin sauti, yakan ci 300MB zuwa 400MB a awa, wato sama da ninki biyu. Na 24/192 kuwa yakan haura 2GB a awa guda. Ga tafsiri da wa'azi da rediyo, duk wannan asara ce, muryar mutum ba ta buƙatar fiye da ƙaramin mataki. Dukansu suna da TuneIn na rediyon intanet, kuma za ka iya ajiye tashar da ka fi so a maɓalli.

Inda Nano ta yi wa WiiM fintinkau shi ne kafar USB. In kana da filash ko hard disk cike da karatun Alƙur'ani, tafsirin azumi na shekaru da tsofaffin waƙoƙi, ka cusa a bayanta, BluOS ya jera su, ka riƙa zaɓa daga waya ko da data ta ƙare, muddin rauta na kunne. Pro Plus ba ta da wannan kafar. Abin da za ta yi maka shi ne ta kunna fayilolin da ke cikin wayarka ta manhajar WiiM Home, ko ta karanto daga kwamfutar da ke kan Wi-Fi ɗaya da ita ta hanyar DLNA, kuma hakan na nufin sai kwamfutar na kunne. Da a ce duka gidan iPhone ne kuma tarin fayiloli ne abin saurarenka, da Nano za mu ce. BluOS ma tsari ne da ya daɗe kuma ya zauna daram. Sai dai Nano ba ta da kafar shigar da sauti ta waya, alhali Pro Plus tana da RCA da kafar haske ta oftikal, don haka talabijin ɗinka zai iya bi ta cikinta ya fita a lasifika. Rimot ma yana cikin kwalin Pro Plus. Farashin fitowarsu a Amurka: dala 219 ga Pro Plus, dala 299 ga Nano. In wata rana ka sayi DAC na daban, ko amfilifayarka tana da kafar oftikal, WiiM Pro, wadda ta fito a dala 149, ta wadatar, tun da babban abin da ake biya a Plus shi ne DAC ɗin ciki.

Wuta ba za ta dame ka ba. Dukansu da USB-C mai volt 5 suke aiki, irin na cajar waya. Cajar da za ta zo daga Amurka mai ƙafa biyu ce siriri, sai ka duba jikinta ka tabbatar an rubuta 100-240V, ka sa mata adafta mai ƙafa uku irin ta soket ɗinmu, ko ka yi amfani da caja mai kyau ta 5V 2A. Cajar bakin titi mai arha takan shigo da tsuwa a lasifika, wani lokacin akwatin ya riƙa mutuwa yana tashi. Abin tsoro shi ne dawowar wuta bayan dumsor, wato ɗaukewar wuta: sa amfilifaya da rauta da sitrima a bayan mai kare firij ɗin nan da ke jinkirta 'yan mintuna kafin ya saki wuta. In kuma ƙanin naka ya ce zai haɗo da amfilifaya, ka tuna masa wutar Amurka 120V ce, tamu 230V. Wadda ba ta karɓar duka biyu, ba taransifoma, hayaƙi za ka gani.

Mafi yawan ƙorafin "sitrima na yankewa" laifin Wi-Fi ne. A gidan haya mai ɗakuna da yawa, rautocin maƙwabta sun cika layin 2.4GHz, shi kuma 5GHz ba ya ratsa bangon bulo sosai. Akwatunan biyu suna da kafar Ethernet. Sayi kebul Cat5e ko Cat6 a Adum, cikin garin Kumasi, a yanka maka tsawon da kake so a matse kawunan, yana aiki har mita 100. In rautarka ƙaramar MiFi ce marar kafa, to ajiye ta a ɗaki ɗaya da sitrimar. Dole waya da sitrima su kasance kan Wi-Fi ɗaya. In wayar ta koma datar layinta, ko aka jona ta da Wi-Fi na baƙi, manhaja za ta ce ba ta ga na'ura ba.

Wajen haɗawa, ɗauki kebul RCA, ja zuwa ja, fari zuwa fari, daga kafar fita ta sitrima zuwa AUX, CD ko TUNER a amfilifaya. Kada ka sa a PHONO. Wannan kafar an yi ta ne don ɗan ƙaramin sigina na allurar faifai, sitrima kuwa tana fitar da kusan volt 2, sauti zai fashe kuma lasifika na iya lalacewa. Rage muryar amfilifaya zuwa ƙasa kafin ka kunna. A cikin manhaja ka kulle ƙarfin fita ya tsaya a cike, ka riƙa ƙarawa da ragewa a amfilifaya kawai, don kada yaro ya taɓa waya tsakar dare ya tashi unguwa. Ranar farko sitrimar za ta nemi sabunta manhajarta, ka bar ta ta gama, kada a cire wuta a tsakiya.

Ka ce wa ƙaninka ya buɗe kwalin ya gwada ta a can, ya riƙe rasit, domin mayar da kaya daga Kumasi zai iya cin kusan kuɗin sabo.