Sashen tazarar haihuwa a asibitocin unguwa na Gombe: kayan aiki nagari ne, bibiya ce ke da rauni

Tun ranar 15 ga Nuwamba 2022 da Majalisar Ɗinkin Duniya ta sanar cewa mutanen duniya sun kai biliyan 8, muhawarar ko a taka wa haihuwa birki ta sake tashi. A Gombe ba sai an karanta rahoto ba kafin a san matsin da ake magana a kai. Ƙidayar 2006 ta sami mutum miliyan 2.3 da ɗoriya a jihar, daga baya ga waɗanda rikicin Borno da Yobe ya koro sun zo sun zauna. Garin ya fi bututun ruwan Dadin Kowa saurin faɗaɗa, shi ya sa sababbin unguwanni suka dogara da tanka da 'yan garuwa. Gonar gado a Akko ko Yamaltu Deba, idan aka raba ta sau biyu tsakanin magada, abin da ya rage ba ya ciyar da gida ɗaya shekara.

Duk da haka ba mu tare da masu cewa a kafa dokar iyakance 'ya'ya. Sin ta gwada dokar ɗa ɗaya fiye da shekara talatin, ta soke ta a 2015, a 2021 ta koma ba da izinin uku, yanzu kuma yawan jama'arta raguwa yake yi. Indiya ta yi wa miliyoyin maza aikin hana haihuwa da tilas tsakanin 1975 da 1977, abin da ya bar wa mutane tsoron asibiti na tsawon shekaru. Bangaladash kuwa, ƙasar Musulmi, ta sauko daga 'ya'ya sama da shida ga kowace mace zuwa kusan biyu ta hanyar ma'aikatan lafiya mata masu shiga gida-gida da karatun 'ya'ya mata, ba da bulala ba. Saboda haka abin da ya kamata a auna a nan shi ne ɗakin nan da ke cikin asibitin unguwa, inda matar da take son ta huta tsakanin haihuwa da haihuwa take zuwa da ƙafarta. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna macen Gombe tana haihuwa 6.6 a matsakaici, ta Bauchi 7.2, alhali na ƙasa baki ɗaya 5.3 ne. Kwanika kuma kowa ya san illarta: uwa ba ta mayar da jininta ba, na goye an yaye shi babu shiri. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar a jira wata 24 bayan haihuwa kafin wani ciki, wata 6 bayan ɓari, wanda bai yi nisa da shekara biyun shayarwa da ke cikin Suratul Baƙara aya ta 233 ba.

Ta fuskar kaya, babu abin kushewa. Tun 2011 gwamnatin tarayya ta mayar da kayan tazarar haihuwa kyauta a asibitocin gwamnati, tun 2014 kuma aka yarje wa ma'aikatan lafiya na matakin farko da suka sami horo su yi allura su kuma saka ashanar fata, wato 'yar sandar magani da ake sawa a ƙarƙashin fatar hannu, ba sai an jira likita ba. Wannan ne ya sa mace a Nafada ko Dukku take iya samun abin da a da sai ta shigo cikin gari.

Allura tana cikin abin da aka fi nema, kuma iri uku ce. Depo-Provera, miligiram 150, ana yin ta a cikin tsoka kowane mako 13. Noristerat, miligiram 200, kowane mako 8. Sai Sayana Press, miligiram 104, a ƙarƙashin fata kowane mako 13. Idan ranar dawowa ta wuce, mai Depo ko Sayana tana da rangwamen mako 4, mai Noristerat mako 2 kacal. Wannan bambanci mata da yawa ba a faɗa musu shi, kuma a nan ake samun cikin da ba a shirya ba, musamman idan irin da aka saba yi wa mace ya ƙare aka canza mata wani ba tare da an gyara ranar da ke kan katinta ba. Wani kuskuren shi ne murza wurin bayan an cire allura. Ba a murzawa, domin murzawa tana sa maganin ya bazu da wuri.

Sayana Press ita ce abin da muka fi yaba wa a cikin sashen gaba ɗaya, saboda mace tana iya koyon yi wa kanta, a ba ta na gaba ta tafi da su gida. Maganin yana cikin 'yar jakar roba mai haɗe da allura, ana girgiza ta da ƙarfi kamar daƙiƙa 30 har ruwan ya haɗe. A tura murfin allurar ya haɗe da wuyan robar sosai, idan an bar tazara a tsakani maganin ba zai fito ba. A cire murfin, a kama fatar ciki nesa da cibiya ko ta gaban cinya da yatsu biyu, a soka allurar kai tsaye, a matsa 'yar jakar maganin a hankali daƙiƙa 5 zuwa 7. A jefa allurar cikin gora ko gwangwani mai murfi inda yara ba za su kai ba. Inda koyarwar takan gaza shi ne ajiya. Maganin ba ya son zafin da ya wuce digiri 30, zafin Gombe a watan Maris da Afrilu kuwa yana haura 40. Ɗakin kwano da babu silin, ko kusa da murhu, ko bakin taga, duk ba wurin ajiye ta ba ne. A nemi lungu mafi sanyi a ɗakin. Ma'aikaciyar da ta sa mace ta yi allurar farko da hannunta a gabanta, ta kuma ƙirga mata ranar ta gaba a kalanda, ita ce ta yi aikin daidai.

Ashanar fata ta fi allura ƙarfi nesa ba kusa ba. A cikin mata 100 masu allura kusan 4 kan ɗauki ciki a shekara saboda makara, masu shan ƙwayar tazarar haihuwa kusan 7 saboda mantuwa, masu ashana kuwa ko ɗaya ba ta cika ba. Implanon sanda ɗaya ce ta shekara 3, Jadelle sanda biyu ce ta shekara 5. Ana saka ta a cikin damtsen hannun da mace ba ta fi aiki da shi ba, kamar santimita 8 zuwa 10 sama da gwiwar hannu, bayan an wanke wurin an yi allurar kashe zafi. Dole ta kwanta daf da fata, kuma kafin a naɗe bandeji a sa matar ta taɓa ta ji ta da yatsanta. Wurin ya zauna a bushe kwana biyu. Idan an saka ta bayan kwana 7 da fara al'ada, ma'aurata su yi haƙuri ko su yi amfani da kwaroron roba na kwana 7. Mai shan maganin tarin fuka mai Rifampicin, ko wasu magungunan farfaɗiya kamar Carbamazepine da Phenytoin, ta faɗa tun farko, domin suna rage ƙarfin ashana da na ƙwaya. Allurar Depo ko robar mahaifa ta fi dacewa da ita. Tambayar nan ta maganin da mace take sha sau da yawa ana tsallake ta idan layi ya yi tsawo.

Babbar matsalar ashana ba wurin sakawa take ba, wurin cirewa take. An horar da hannaye da yawa su saka, kaɗan ne suka ƙware a cirewa, kayan cirewar ma ba ko'ina ake da su ba. Idan an tura ta cikin tsoka tun farko, ko mace ta yi ƙiba daga baya, sai a yi ta lalube. Ƙa'ida ita ce idan ba a ji ta da hannu ba, ba a yanka a nema da ka. A tura mace babban asibiti kamar Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe a gano inda take da na'urar hoto. Abin da ya fi wannan muni shi ne a ce wa mace "Hajiya, lokacinki bai yi ba" a mayar da ita gida. Haƙƙinta ne a cire mata ranar da ta nema, ko wata uku ta yi. Mace ɗaya da aka hana cirewa ta isa ta hana mata ashirin na unguwarsu zuwa, kuma da gaskiyarsu.

Sai maganar jini, wadda ita ce ke korar mata fiye da komai. Allura da ashana suna canza al'ada: ɗigo-ɗigo a watannin farko, ko ta daɗe, ko ta ɗauke gaba ɗaya. Ɗaukewar ba ta nufin jini yana taruwa a ciki, bangon mahaifa ne bai yi kauri ba balle ya zubo. Amma ga matar Gombe ɗigon nan ba ƙaramin abu ba ne, domin ya shafi sallarta da azuminta da shimfiɗar mijinta. Ma'aikaciyar da ta ce "ba komai, zai daina" ba ta amsa tambayar da ke ran matar ba. A mazhabar Malikiyya da ake bi a nan, mai al'ada sananniya tana ƙara kwana 3 a kan mafi tsawon kwanakinta muddin bai wuce 15 ba, abin da ya biyo baya istihala ne, ta yi wanka ta ci gaba da ibada. Da za a riƙa faɗa wa mata wannan tun ranar farko, a kuma ce su tabbatar wurin malamarsu ta Islamiyya, da an rage masu dainawa a wata na uku. Akwai kuma magani na ɗan lokaci da ma'aikaci zai iya rubutawa, kamar Ibuprofen ko Mefenamic acid na kwana 5 bayan cin abinci, ban da mai gyambon ciki. Jinin da ya ninka na kullum, ko ya wuce kwana 8 yana zuba sosai, ko ya zo da jiri, wannan na komawa asibiti ne a ranar.

Haka nan a faɗi gaskiya game da Depo: bayan an daina, ciki yakan ɗan yi jinkiri, a matsakaici kusan wata 10 daga allurar ƙarshe. Ba ta kashe mahaifa. Amma matar da take son ciki nan da shekara ɗaya, gara ta ɗauki ashana ko robar mahaifa, waɗanda da an cire haihuwa take dawowa.

Robar mahaifa mai jan ƙarfe ita ce aka fi zalunta da jita-jita, har ana cewa tana tafiya zuciya. Babu hanyar da za ta bi. Ba ta da sinadarin da ke canza jiki, tana aiki shekara 10 ko fiye, ana iya saka ta cikin awa 48 da haihuwa ko bayan mako 4. Aibinta shi ne al'ada takan ƙaru da ciwon mara a watannin farko, don haka mai ƙarancin jini a duba ta da kyau. Tana bukatar gado mai labule, fitila, da kayan da aka dafa aka tsarkake, kuma mata da yawa ba za su yarda namiji ya saka musu ba. Asibitin da ba shi da unguwarzoma mace a bakin aiki kusan ba ya yin ta.

Ƙwaya ba sai an tsawaita ba. Mai sinadari biyu irin Microgynon ba ta dace da mai shayar da jaririn da bai kai wata 6 ba, ko wadda awon jininta ya kai 140 bisa 90. Mai shayarwa ana ba ta irin Microlut, wadda idan aka makara da awa 3 ƙarfinta ya ragu. Wannan ya sa na'urar awon hawan jini ta zama wajibi a ɗakin, kuma idan aka miƙa wa mace ƙwaya ba a ɗaura mata na'urar a hannu ba, ta nemi a yi. Shayarwa kanta kariya ce idan sharuɗɗa uku sun cika tare: jariri bai kai wata 6 ba, nono zalla yake sha dare da rana, al'ada ba ta dawo ba. Da an fara ba shi ruwa da koko, lissafin ya rushe.

Kalmar "kyauta" ma tana bukatar bayani. Maganin kyauta ne, amma safar hannu, auduga, sirinji, allurar kashe zafi da gwajin ciki sukan ƙare, sai a ce mace ta sayo ko ta biya. Wadda ta fito da kuɗin mashin kawai sai ta juya. Wannan giɓi ne da kasafin jiha da na ƙananan hukumomi 11 za su iya toshewa da kuɗi kaɗan, kuma toshe shi ya fi taron wayar da kai amfani.

Maza kusan babu su a wannan ɗaki, alhali yawancin mata ba za su zo ba sai da yardar maigida. Inda ma'aikaci namiji ya keɓe lokaci ya zauna da mazaje, ya nuna musu ashanar a tafin hannunsa, ya amsa tambayar ko za ta hana haihuwa har abada, matan sukan zo a natse su kuma dawo a kan rana. Ranar rigakafin yara da ranar awon ciki su ne lokacin da ya fi dacewa a fara maganar, tunda uwa tana wurin.

Ga wadda za ta je: ta tafi da safe, ta riƙe ranar da ta ga al'adarta ta ƙarshe, ta ɗauki duk maganin da take sha. Kafin a taɓa ta, ta tambayi abin da zai faru da al'adarta, wa zai cire idan ashana ce ko roba, da nawa za a nema ranar cirewar. Kada ta bar ɗakin sai an rubuta mata sunan abin da aka yi mata da ranar dawowa a kati.