LAMMPS: manhajar da nake bin motsin ƙwayoyi da ita a ruwa mai shirin zama gilashi

Duk ɗalibin fiziks da ya tambaye ni yadda ruwa ke sandarewa ya zama gilashi ba tare da ƙwayoyinsa sun jeru reras ba, LAMMPS nake nuna masa, manhajar da ke kwaikwayon motsin ƙwayoyin zarra a kwamfuta. Cibiyar bincike ta Sandia da ke Amurka ce ta samar da ita, kyauta ake sauke ta, kuma ƙaramin gwaji ko a kwamfutar cinya yana tafiya.

Aikina a kan samfurin ruwa na masana Kob da Andersen yake: ƙwayoyi iri biyu, kashi 80 manya, kashi 20 ƙanana, an gauraya su don kada su yi saurin jeruwa. Umarnin compute msd yana auna nisan da ƙwayoyin suka yi daga inda suka tashi. In da zafi, layin da ke nuna wannan nisa bisa lokaci hawa kawai yake yi. Da ka sauke zafin zuwa wajen 0.45 a ma'aunin samfurin, sai ya kwanta ya daɗe a kwance, domin kowace ƙwaya maƙwabtanta sun yi mata ƙawanya, sai karkarwa a wuri ɗaya.

Sai dai wannan layin matsakaici ne, kuma yana ɓoye abin da ya fi ɗaukar hankalina. Ka fitar da matsayin kowace ƙwaya, ka buɗe a OVITO, manhajar da ke nuna ƙwayoyin a hoto, ka ba su launi gwargwadon tafiyarsu. Za ka ga manyan yankuna ko gezau ba su yi ba, ga kuma ’yan tsiraru a gefensu suna bin juna kamar jerin tururuwa, wannan ta matsa, ta baya ta faɗa gurbinta. Masani Donati da abokan aikinsa sun bayyana wannan tun 1998, amma ganinsa a allonka daban ne.

Inda LAMMPS take gajiyar da ni: ba ta da umarnin da ke auna girman waɗannan yankuna kai tsaye, dole ka rubuta naka da yaren kwamfuta na Python. Littafin bayaninta cikakke ne, amma ɗan koyo zai sha wuya kafin ya kama bakin zare. Kuma da zafin ya kusanci 0.435, jiran ƙwayoyin su saki jiki yana tsawo ƙwarai, sai da babbar kwamfutar jami'a.

Masu fama da ɗaukewar wuta irina, ku saka umarnin restart tun farko. Yana ajiye halin da gwajin ke ciki lokaci-lokaci, in wuta ta dawo ka ɗora daga inda ka tsaya.