Hoton da maƙerin Mostar ya nemi in nuna masa

Shekara bakwai ke nan ina zaune a Jamus, amma sai bana na samu sukunin leƙa Bosniya, inda na kwana uku a tsohon garin Mostar. Daga Sarayevo na shiga jirgin ƙasa na safe, ya tashi a daidai lokacin da aka rubuta a tikiti, muka yi tafiyar kusan awa biyu a tsakanin tsaunuka, kogin Neretva yana biye da mu kore shar.

Abin da ke kai mutane garin shi ne tsohuwar gada da ake kira Stari Most, wadda Sarki Sulaiman na Daular Usmaniyya ta Turkiyya ya ba da umarnin a gina, magini Hairuddin ya kammala ta a 1566. Ta tsaya fiye da shekara 400 kafin a ruguza ta da harsasan igwa ranar 9 ga Nuwamba 1993, lokacin yaƙin ƙasar. Da ƙura ta lafa sai aka koma wurin da ake haƙo irin dutsen da magabata suka yi aiki da shi, aka sassaƙa shi da hannu, aka mayar da gadar kamar yadda take, aka buɗe ta a watan Yuli 2004, shekara guda bayan haka kuma hukumar UNESCO ta sa ta cikin wuraren tarihi na duniya. Yau samari suna tara kuɗi daga hannun baƙi su yi tsalle daga samanta zuwa cikin ruwan sanyi, tsayin da ya haura mita 20.

A gindin gadar akwai kasuwar maƙeran tagulla, lungu ne mai daɓen duwatsu da ya tuna mini Kurmi. Na tsaya a rumfar wani dattijo na ɗauki 'yar butar dafa gahawa mai araha, na miƙa kuɗi, sai ya karɓe butar daga hannuna ya ce da ni cikin Jamusanci: "Ɗana, wannan ta inji ce, daga waje ake kawo mana ita. In ado kake so, ka ɗauka, amma in wuta za ka ɗora ta, ba za ta kai maka shekara ba." Ya ɗauko wata da ya ƙera da hannunsa, ya nuna mini sawun guduma a jikinta da farin ƙarfen da aka shafe cikinta da shi, ya faɗi kuɗinta sau ɗaya, ya kuma ce in zagaya rumfunan maƙwabta in gwada farashi kafin in yanke shawara. Na daɗe ban ji mai kaya ya faɗi aibin kayansa da bakinsa ba. A gida sau nawa aka sayar mini da yadi ana rantsuwa da Allah cewa na asali ne, wanki ɗaya ya zuba?

Da na biya sai ya zaunar da ni, ya dafa gahawa, ya tambaye ni garinmu. Na ce Kano, na kuma shiga ba shi labari da alfahari: ganuwar da aka fara tun zamanin Sarki Gijimasu, shekara ɗari huɗu kafin a aza harsashin gadarsu, da marinar Ƙofar Mata da ke aiki tun 1498, da kasuwar Kurmi ta zamanin Muhammadu Rumfa. Ya saurara da kyau, sannan ya ce: "Nuna mini hoton ganuwar."

Na ce, "To, Baba," na zaro waya ina dubawa. Hoton badala ɗaya tak na samu, wanda na ɗauka a zuwana gida na ƙarshe, ƙanena yana tsaye a gaba, a bayansa kuma tudun jar ƙasa ne da aka yashe gefensa, ga juji ya taru a gindinsa, ledoji sun maƙale ko'ina, ga bangon shago an manna masa. Ban iya ɓoyewa ba, na miƙa masa. Ya daɗe yana kallo, sannan ya tambaye ni a hankali ko mu ma yaƙi aka yi mana. Wallahi na rasa abin da zan ce, gahawar ta ƙi wucewa a maƙogwarona. Ba igwa ce ta yi wa wannan wuri haka ba. Mu ne muka ɗebi ƙasarsa muka yi tubali, mu ne muka yanka filaye a kansa, mu ne muke aiken yara su zubar da shara a can da daddare. Ƙofar Na'isa ma da aka rushe a 2010 don faɗaɗa titi, da kayan zamani aka mayar da ita, alhali muna da maginan gargajiya da suka gaji aikin laka da makuba kaka da kakanni.

Kada a ɗauka komai na Mostar daidai yake. Duwatsun gadar suna da santsi, cunkoson baƙi da rana ya wuce misali, rumfuna da yawa kuma sun cika da tarkacen inji irin wanda dattijon ya hana ni saye. Yawancin wuraren sai da tsabar kuɗinsu, wato mark, wanda kusan biyu ke yin yuro ɗaya, kuma hatta bayan gida sai ka biya, ko da yake a tsaftace yake. Hayaƙin taba a wuraren shan shayi ya takura mini ƙwarai. Gasasshen niƙaƙƙen namansu da ake ci da gurasa da albasa yana da daɗi, sai dai babu yaji ko kaɗan, har na riƙa tuna tsiren bakin titi da ƙuli-ƙulinsa. Wani direban tasi kuma ya ninka mini kuɗi zuwa ƙauyen Blagay, abin da ban gane ba sai da na dawo a motar haya.

Blagay ɗin kuwa ta biya wahalar, domin akwai zawiyar Sufaye ta ƙarni na 16 a gindin wani dutse mai tsayin gaske, inda kogin Buna ke ɓulɓulowa daga cikin kogo, kuma ana ba mata baƙi mayafi a ƙofa ba tare da tsawa ba. Tsohon ƙauyen Pocitel da magangarar ruwa ta Kravitsa na haɗa su a yini ɗaya, zuciyata ba ta wurin.

A daren ƙarshe, bayan na yi sallar Isha'i, na kira ƙanena na roƙe shi ya zagaya bayan gari ya nemo mini inda ganuwar ta rage a tsaye ya ɗauko hoto, domin na karɓi lambar dattijon na yi masa alkawarin turowa. Yau sati uku ke nan, ya turo mini guda biyu, a ɗaya akwai allon talla, a ɗayan kuma ana haƙa harsashin gini.