Darth Vader a Badariya: wata takwas bayan saye

A gidan kallo na fara ganin Darth Vader, mugun nan mai baƙin kwalkwali na fim ɗin Star Wars, kaset ɗin ya sha jiki, Turancin kuma ba ji muke ba. Numfashin nan nasa kawai muke kwaikwaya a hanyar komawa gida. Yau ga ni da gemu da 'ya'ya biyu, ga mutum-mutuminsa na roba tsaye a ɗakina a unguwar Badariya, Birnin Kebbi, tsawonsa ya ɗan haura inci 6.

Na kamfanin Hasbro ne, cikin jerin da suke kira Black Series, wanda suka fara fitarwa a 2013. Wani ɗan ƙanin babana da ke karatu a Ingila ya taho mini da shi, na biya shi da naira. Kuɗin ba zan faɗa ba, don uwargida na karanta abin da nake rubutawa, amma a garin da ake noman shinkafa, duk wanda ya ji sai ya lissafa mudu nawa ke nan.

Masu tara irin waɗannan kaya suna cewa kada a buɗe kwali, wai darajar tana cikin rufin. Suna da hujja. Lokacin da Star Wars ya fito a 1977, kamfanin Kenner da ya samu izinin yin mutum-mutumin bai shirya ba, har Kirsimeti ta zo babu kaya a ƙasa. Sai suka sayar wa mutane kwali da takardar alkawari, aka aika musu guda huɗu na farko a 1978. Waɗancan ƙanana ne, inci 3.75, kuma yara sun yage kwalayen sun yi wasa da su, shi ya sa wanda ya tsira a rufe yake tsada yanzu. Ni dai ban yi kwana ɗaya ba na farke nawa. Ban biya kuɗi don in kalli kwali ba.

Abin da ya fara burge ni nauyinsa ne. Ka ɗauka a hannu ka san ba robar bokiti ba ce. Alkyabbar yadi ce ta gaske, tana zuba a kafaɗa. 'Yan maɓallan ƙirjinsa kowane da launinsa, fentin bai haura layi ba. Wuya, kafaɗa, gwiwar hannu, ƙugu, gwiwa da idon sawu duk suna lanƙwasuwa, kuma inda ka tsayar da gaɓa nan za ta tsaya. Jan takobin hasken da yake riƙewa siriri ne ƙwarai, shi nake ɓoyewa idan ƙaramin ɗana ya shigo.

Daɗi ya ɗebe ni, na ce bari in samo masa sojansa, farin nan mai kwalkwali da ake kira Stormtrooper. Na ga wani mai sayarwa a intanet daga Legas, hoto tsaf, farashi bai kai rabin na farko ba. Na tura kuɗi, ya ba direba, bayan kwana biyar na je tasha na karɓo. Tun kafin in gama buɗe leda warin roba ya doke ni. Baƙin fentin idon kwalkwalin ya zame gefe kamar kwallin da aka yi kuka da shi, rubutun jikin kwalin ya yi dishi-dishi, tafin ƙafar kuma fayau, babu hatimin kamfani irin wanda ke jikin na asali. Ƙafar hagu ta fita a mako na biyu, na liƙa ta da gam. Da na yi wa mutumin magana sai ya ce ai shi ma haka aka kawo masa, daga nan ya daina ɗaga waya.

Abin da babu mai gaya maka shi ne yanayinmu. A watan Afrilu zafin garin nan yana haura digiri 40, ga rufin kwano. Roba mai laushi tana sakin jiki, na jabun har danƙo ya fara yi a hannu, bindigarsa ta lanƙwashe kamar ayaba. Da yake kusa da taga na ajiye shi, farinsa ya koma ruwan ƙwai ta gefen da rana ke duka. Vader bai yi komai ba, sai dai ƙura. Baƙin kaya da hazon hunturu ba sa shiri, kwana biyu ya isa alkyabbar ta koma ruwan ƙasa. Dole na roƙi gurbi a kabad mai gilashi na uwargida, tsakanin kofuna da farantan aure, nake kuma share shi da busasshen burushi mai laushi. Ruwa ban taɓa sa masa ba.

Ranar da Inna ta zo ta tsaya gaban kabad ɗin ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Wanga kuma mi na na? Gumaka ka fara tarawa?" Na ce, "Inna, na fim ne, kamar 'yar tsana." Ta ce babba da kai. Maganar mutum-mutumi a gida ba ƙarama ba ce wurin malamanmu, ban kuma yi mata gardama ba. Na dai fitar da su daga inda muke salla.

Na asalin zan sake saye idan aka samu mai zuwa, Boba Fett, wani ɗan farautar mutane a fim ɗin, nake hari. Na jabun kuwa na bar wa yara, jiya na tsinci kansa a bakin rariya.