Keken ɗinki na ƙafa ko na lantarki?

Matar da za ta sayi keken ɗinki na gida ta fara duba wutar unguwarsu. Na ƙafa, irin baƙin Butterfly ɗan China ko tsohon Singer, babu ruwansa da ɗauke wuta. Cikinsa ƙarfe ne, kuma da allura mai lamba 16 ko 18 zai ratsa yadi mai kauri ba gardama. Bukatarsa kaɗan ce: a ɗiga masa man keke, a share burbushin zaren da ke taruwa a mazaunin bobin. Ban da man gyaɗa, don daskarewa yake yi ya riƙe keken. In bel ɗin fata ya saki, sai a yanke kaɗan a sake haɗawa. Sai dai miƙaƙƙen ɗinki kawai ya iya, ga gajiyar ƙafa.

Na lantarki ya fi sauri, yana zigzag, yana fitar da gidan maɓalli. Amma ƙanana da yawa haƙoran giyarsu na ciki na roba ne, in suka karye sai an sha yawon neman kaya. A kula da na gwanjo daga Amurka: na wuta 110 ne, tamu kuwa 220 zuwa 240 ce, in ba taransifoma mai rage ƙarfin wuta, motar keken, wato injin da ke juya shi, za ta ƙone.

Ni dai na ƙafa nake ba mai koyo shawara. In hannu ya faɗa, ana iya ɗaura masa ƙaramar mota.