Karatun Magana Jari Ce a Kan Memori: Sharhi Kan Hajar Wani Shago a Sabon Gari

A cikin shagunan tura fina-finai da waƙoƙi da ke Sabon Garin Zariya akwai wanda ya fito da wata haja ta daban, wato karatun Magana Jari Ce daga littafi na ɗaya zuwa na uku, da muryar mutum guda, ana zuba wa mai saye a memori ko a wayarsa. Mai shagon ya shaida mini cewa da yawa daga cikin masu saye suna shigowa ne da tambayar ko fim ɗin littafin ya fito, idan aka ce musu babu sai su karɓi karatun su tafi. Na saurare shi har ƙarshe, kuma ina ganin ya cancanci kuɗinsa, duk da cewa akwai gyara a cikinsa wanda bai kamata a yi shiru a kai ba.

Ba abin mamaki ba ne a sami masu wannan buri a garin nan, domin a nan Zariya Alhaji Abubakar Imam ya zauna ya rubuta littafin a 1936 tare da kulawar Baturen nan Rupert East, ya fara fitowa a 1937, kuma a nan kamfanin buga littattafai na NNPC ya daɗe yana buga shi. Waɗanda suka girma a shekarun 1980 sun ga wasan da NTA Kaduna ta shirya daga labaransa, wanda marigayi Ƙasimu Yero ya fito a ciki, su ne kuma suka fi kowa ƙorafin cewa har yanzu ba a sake taɓa littafin da kayan aikin zamani ba.

Babban abin yabo a wannan haja shi ne mai karatun. Hausarsa tsaftatacciya ce, yana ba kowane harafi haƙƙinsa, ba ya kuma gaggawa. Inda ya fi ƙwarewa shi ne littafi na ɗaya, lokacin da Sarki Abdurrahman ya fita yaƙi ya bar ɗansa Musa a gida, Waziri yana ƙulla makirci, Aku kuma yana riƙe yaron da labari kowane dare har gari ya waye. Idan Musa ya zo neman izinin fita, mai karatun yakan ɗaga murya da zafin ƙuruciya. Da zarar magana ta koma bakin Aku sai ya sassauta, ya ja numfashi, ya yi kamar zai ba da izinin, sannan ya zame cikin labari ba tare da mai sauraro ya ankara ba. Na ga yara a tsakar gida sun daina taɓa tuwon da ke gabansu suna jiran su ji ko yau Musa zai fita. A labarin Kalala da Kalalatu kuwa ya bar barkwancin ya fito da kansa, bai ƙara masa ihu ko dariyar dole ba.

Wannan ne ya sa abin da aka yi wa littafi na biyu ya dame ni. Domin a rage tsawon sautin, an datse yawancin maganganun da ke tsakanin labari da labari, alhali a nan ne gasar Aku, wanda a lokacin ya zama Waziri, da wani aku mai suna Haziƙ take. Idan aka cire gugar zana da martanin da akun biyu ke yi wa juna a gaban sarakuna, sai a rasa dalilin da ya sa wannan labari ya biyo bayan wancan, su zama tatsuniyoyi warwatse. A littafi na uku, inda Aku ke horar da ɗansa Fasih, an dawo da su, nan take kuma karatun ya sake yin rai. Ina fata duk wanda zai shirya fim ɗin nan gaba ya saurari wannan bambanci da kunnensa, domin jarabar da za ta fara zo masa ke nan: ya tsinci labaran aljanu da na sarakuna masu ƙayatarwa, ya jefar da akun da ya ɗinke su.

Ta fuskar sauti akwai ƙananan matsaloli. Kiɗan fiyano da aka shimfiɗa a ƙarƙashin muryar ya yi ƙarfi, a wasu wurare ana jin gurnanin janareta, kuma an sa wa sautukan lambobi maimakon sunayen labarai, ta yadda mai neman Sahoro da Sahorama sai ya yi ta buɗewa yana rufewa. A littafin da ke ɗauke da labarai sama da 80 wannan wahala ce ta gaske, musamman ga tsofaffi da makafi, waɗanda su ne karatun ya fi yi wa amfani.

Game da fim ɗin da ake ta jira, sauraron nan ya tabbatar mini cewa awa biyu ba za su ɗauke shi ba. An mayar da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa fim a 1976 a hannun Adamu Halilu, amma wancan labari ne guda mai zare ɗaya. Magana Jari Ce na buƙatar shiri mai dogon zango, irin wanda mutanenmu suka saba bi mako-mako a Arewa24 da YouTube, kowane dare da labarinsa. Wuraren ɗauka ba za su yi wuya ba ga wanda ya san ganuwar Zazzau da dutsen Kufena da tsofaffin sorayen cikin birni, ga kuma ɗaliban wasan kwaikwayo a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru. Abin da zai ci kuɗi da haƙuri shi ne akun kansa, wanda dole a zana shi da kwamfuta ya yi motsi mai gamsarwa, a kuma samo masa murya mai wayo da ladabi irin ta wannan mai karatu.

Mai shagon mutum ne mai fara'a, yana barin mai saye ya ɗanɗana sautin kafin ya biya, kuma idan memori ya ƙi buɗewa yana sake zubawa kyauta. Sai dai da na tambaye shi ko an nemi izinin masu haƙƙin littafin kafin a naɗi karatun, bai ba ni amsa mai gamsarwa ba, sunan mai karatun ma babu shi a ko'ina cikin sautin. Wannan ba ƙaramin al'amari ba ne, domin ta hanyar izini da biyan haƙƙi ne kawai fim ɗin da muke roƙo zai iya samuwa. Na shawarce shi da ya nemi mawallafan, tunda suna cikin gari ɗaya da shi, ya daidaita da su, ya mayar da sassan da aka datse a littafi na biyu, sannan ya rubuta sunan kowane labari a kan sautinsa.