Keji ko killataccen wuri: wanne ya dace da ɗan kwikwiyo da rana?

'Yar'uwa, na karanta tambayarki. Kwikwiyonki yana da mako tara, kina fita aiki ƙarfe takwas na safe sai bayan huɗu ki dawo, kuma kin rasa na kamawa: wasu sun ce ki kulle shi a keji ya koyi riƙe fitsari, wasu sun ce ki killace masa wani lungu ki ajiye masa abin da zai yi a kai. Na reni kwikwiyo ta hanyoyin nan biyu, bari in gaya miki abin da na gani a kowacce.

Kafin komai, ki duba cikinsa. Mafitsarar kwikwiyo ƙarama ce, kuma bai gama mallakar ta ba. Ma'aunin da masu horar da karnuka suka saba amfani da shi shi ne awa ɗaya ga kowane wata na rayuwarsa, wasu su ƙara awa ɗaya a kai. Ɗan wata 2 ke nan ba zai wuce awa 2 zuwa 3 ba, wannan ma idan barci yake. Da dare jiki yana lafawa, shi ya sa za ki ga ya fi jimrewa. Da rana kuwa ya ci, ya sha, ya yi tsalle-tsalle, abin yana zuwa masa ba shiri.

Amfanin keji ya rataya ne a kan ɗabi'a guda: kare ba ya son ɓata inda yake kwana. Idan kejin daidai jikinsa ne, wato ya iya miƙewa, ya juya, ya kwanta ya miƙe ƙafa, zai daure har a buɗe masa. Idan ya yi faɗi da yawa sai ya mai da kusurwa ɗaya makewayi, ɗayar makwanci, shi ya sa kejin waya da yawa ke zuwa da shamakin da ake matsarwa yayin da yake girma. Abin da keji ke ba ki shi ne sanin lokaci. Kin san ya yi barcin awa ɗaya, kin san yana tashi zai buƙaci fita, sai ki ɗauke shi a hannu, kada ki bari ya taka ƙasa a cikin ɗaki, ki kai shi wurin da kika zaɓa, ki tsaya shiru. Zai sunsuna, ya kewaya, ya tsuguna. Yana gamawa nan take ki yabe shi ki ba shi ɗan abin taɓawa, a wurin, kafin ku koma ciki. Idan kin jira sai kun shiga gida, shi a wurinsa ladan shigowa kika ba shi. Wannan maimaicin ne ke koyar da shi, kejin dai yana taimaka miki ne ki dace da lokacin.

To amma duk wannan sai da mutum a gida. Ɗan mako tara a keji awa takwas, ba makawa zai yi fitsari da kashi a ciki, ya kwanta a kai. Abin yana ba ni tausayi, domin yakan yi kuka ya daure iya ƙarfinsa kafin ya saki. Illar da ta fi ita ce idan abin ya maimaitu, ƙyamar nan ta ɓata makwanci tana mutuwa, kuma gyara kwikwiyon da ya saba kwana cikin ƙazantarsa aiki ne mai wuyar gaske. Shawarar da ƙungiyoyin kula da dabbobi ke bayarwa ita ce ɗan ƙasa da wata 6 kada ya wuce awa 3 zuwa 4 a keji a lokaci guda. A Suwidin ma doka ta hana ajiye kare cikin rufaffen keji a gida, sai don irin tafiya ko baje kolin karnuka.

Killataccen wuri an yi shi ne don dogon rashi. Shinge ne na waya, ko ƙaramin ɗaki mai daɓen da ake gogewa, a sa makwancinsa a gefe ɗaya tare da ruwa da abin tauna, wurin bahaya kuma a can nesa da makwancin iya yadda wurin ya bayar. Likitan dabbobi Ian Dunbar, wanda ya shahara wajen horar da ƙananan karnuka, haka ya raba abin gida biyu: ƙaramin tsarewa na ɗan lokaci idan kana nan, da babban wuri mai makewayi idan za ka daɗe. Kwikwiyon yana tashi daga makwanci ya je can ya yi, tsabtarsa ba ta lalace ba, kuma bai sha wahala ba.

Laifinsa shi ne jinkiri. Kwikwiyo a wannan ƙuruciyar yana kama irin abin da ƙafarsa ta taka lokacin bahaya, ya riƙe shi. Wanda ya saba da shimfiɗa mai laushi, gobe zai ga dardumarki ko tsumman bakin ƙofa ya ɗauka duk ɗaya ne. Nawa na farko haka ya yi mini, sai da na naɗe duk wata darduma na wata guda. A na biyu na sa faffaɗan faranti mara zurfi na cika shi da ƙasa da ciyawa, irin abin da zai taka a waje, kuma sauyin ya zo da sauƙi ƙwarai.

A halin da kike ciki, ni dai killataccen wuri zan zaɓa miki da rana, ki sa kejin a cikinsa, ƙofa a buɗe a ɗaure ta don kada ta rufe masa, ya zama makwancinsa. Da yamma da ranakun hutu, lokacin da kina nan, sai ki yi aikin keji sosai: bayan barci, bayan ci da kamar minti 10 zuwa 20, bayan wasa, duk waje. Ki riƙa ba shi abincinsa a cikin kejin don ya so shi, ki cire masa abin wuya kafin ki rufe, kuma kada ki taɓa jefa shi ciki don hukunta shi. Idan za ki samu wanda zai leƙo da tsakar rana ya fitar da shi ya ba shi abinci, ki nema da gaske, domin ɗan wannan wata sau 3 ko 4 yake ci a yini, kuma kaɗaicin awa takwas ya yi masa yawa ko da wurin ya yi kyau.

Zai yi kuskure, kada ki tura hancinsa a ciki ko ki dake shi. Abin da zai koya kawai shi ne ya ɓuya bayan kujera ya yi. Idan kin kama shi yana tsugunawa, ɗauke shi zuwa waje ba tare da tsawa ba. Ki wanke wurin da maganin da aka yi musamman don narkar da warin fitsarin dabbobi, ki guji mai amoniya, don warinsa yana kama da na fitsari, zai sake jawo shi wurin. Wajen da za ki riƙa kai shi ya zama inda baƙin karnuka ba sa zuwa, har sai ya kammala allurar rigakafinsa wajen mako 16, saboda ƙwayar cutar fabo (parvo), mai sa ƙananan karnuka amai da gudawa har ta kashe su, tana daɗewa a ƙasa. Yawancinsu sai sun kai wata 4 zuwa 6 ana wannan fama kafin a saki jiki da su, wasu har shekara. Idan kuma kin ga yana fitsari kaɗan-kaɗan a kai a kai, yana yunƙuri, ko da jini a ciki, ki kai shi wurin likitan dabbobi a duba mafitsararsa.